Likita mai aikin kansa a Legas: da sunanka za ka tsaya ko kamfani za ka buɗe?

Likitoci da yawa daga cikin 'yan Arewa da ke Legas ba albashi ɗaya suke ci ba. Wani yana kwanan aiki sau biyu a mako a wani asibitin kuɗi a Ikeja, ranar Asabar yana duba marasa lafiya a Agege, wani kamfani a Apapa kuma yana biyansa ya duba lafiyar ma'aikatansa duk bayan wata uku. Wata likitar sa barci ce, duk inda za a shiga tiyata a kira ta, ta yi aikinta a biya ta. Wannan shi ne aikin lokum da na kwangila, kuma duk mai yin sa, ko ya sani ko bai sani ba, ɗan kasuwa ne a idon hukuma. Ranar da akantan asibiti ya ce maka, "Dakta, daga wata mai zuwa sai ka kawo takardar neman biya da asusun kamfani," ranar ce tambayar za ta tsaya a gabanka. Abokai kuma amsarsu ɗaya ce, wai ka je ka yi rajistar kamfani kawai. Ra'ayina shi ne yawancin likitocin lokum ba sa bukatar kamfani a shekarunsu na farko, kuma dalilai biyun da ake yawan kawowa, kariya daga ƙara da sauƙin haraji, duka ba su tsaya da ƙafafunsu ba idan aka zo kan likita.

Kafin mu shiga, a ajiye shawarwarin da ake gani a intanet masu maganar LLC da S-corp da takardar 1099. Tsarin Amurka ne, ya dogara da dokokin jihohinsu da hukumar harajinsu ta IRS. Namu yana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, da sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026.

Mataki na farko: ka tabbatar kai ɗan kwangila ne, kuma kana da hurumin yi

Ba duk wanda aka kira ɗan kwangila ne ɗan kwangila ba. Idan asibiti ne ke tsara maka lokacin shiga da fita, ba ka da ikon turo wani a madadinka, da kayansu kake aiki, kuma kusan duk kuɗin shigarka daga wurinsu yake, to ma'aikaci ne kai a zahiri, sun dai canza maka suna ne don su huta da wasu nauye-nauye. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ranar da ka yarda ka koma ɗan kwangila, wannan kashi 10 ɗin ya tafi, hutun shekara mai albashi ya tafi, inshorar lafiyar iyali ma haka. Ba haramun ba ne ka yarda, amma sai ka sa kuɗinsu cikin farashinka.

Idan kuma kana aikin gwamnati na cikakken lokaci, a LUTH ta Idi-Araba ko LASUTH ta Ikeja ko wani babban asibiti, tsaya nan tukuna. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ƙa'idojin ɗa'a na majalisar likitoci ta MDCN su ma sun yi magana kan aikin waje, kuma sun hana shi ƙememe a lokacin aikin gwamnati. Sunanka a matsayin darakta a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, abu ne da kowa zai iya bincikawa daga wayarsa. Ka karanta takardar ɗaukarka aiki, ka zauna da lauya, kafin ka cike fam ko ɗaya.

Mataki na biyu: ka raba haɗarin gida biyu

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Haɗarin da ke kan likita mai aikin kansa iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko haɗarin hannunka. An ba da magani fiye da ƙima, an makara wajen tura mai naƙuda gaba, an manta wani abu a tiyata. A nan kamfani ba ya kare ka ko kaɗan. Wanda ya yi sakaci shi ake kai ƙara da sunansa, ko da kamfani goma ne a bayansa. Lauyan mai ƙara zai haɗa ku ne gaba ɗaya, kai da kamfaninka da asibitin. Kwamitin bincike na MDCN da kotun ladabtarwarta kuwa ba ruwansu da kamfani, lasisin da za su dakatar da sunanka aka rubuta shi. Abin da ke tsaya maka a nan shi ne inshorar kuskuren aiki, da rubuta bayanan mara lafiya yadda ya kamata, da takardar amincewa kafin aiki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, a Legas, sai ya tambaye su ko suna da irin wannan kariyar ta masu sana'a.

Kada ka ɗauka inshorar asibitin da kake lokum ta rufe ka. Ka nemi a nuna maka takardar, ka duba ko ta ambaci likitocin da ba ma'aikatan dindindin ba. Ka kuma tambayi abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan aka kawo ƙara bayan ka bar wurin, a kan aikin da ka yi tun kana nan, wa zai biya? Wasu takardun inshorar ƙarar da aka shigar a lokacin da suke raye kawai suke ɗauka.

Na biyu haɗarin kasuwanci: hayar shekara biyu da ka sa wa hannu, bashin na'urar hoton ciki, albashin nas da mai karɓar baƙi, kuɗin masu kawo magani. Wannan shi ne wanda kamfani ke karewa. Idan harka ta rushe, masu bin bashi dukiyar kamfani za su bi, ba gidanka na Kano ko motarka ba. Sai dai banki da mai gida sun san wannan sarai, shi ya sa sukan nemi darakta ya tsaya wa bashin da kansa. Da zarar ka sa hannu a wannan takardar, katangar ta faɗi a kan wannan bashin.

Yanzu ka tambayi kanka: wanne ne a kaina? Likitan da kayan aikinsa ba su wuce abin da ke cikin jakarsa ba, ba haya, ba ma'aikaci, ba bashi, haɗarinsa duka na farko ne. Kamfani ba abin da zai tsare masa.

Mataki na uku: ka san zaɓin da ke gabanka

Za ka iya aiki da sunanka na gaskiya ba tare da rajistar komai a CAC ba. Doka ba ta tilasta wa mai aiki da ainihin sunansa, ba ƙari, yin rajista ba. Lasisin MDCN na bana, lambar haraji, da asusun banki na daban sun isa. Ga mai lokum zalla wannan ba abin kunya ba ne.

Sama da shi akwai rajistar sunan kasuwanci. Idan ka ƙara wani abu a kan sunanka, ko ka zaɓi wani suna dabam, dole ne ka yi rajista, kuma doka ta ba da kwana 28 daga fara aiki. Amfaninsa a fili yake: za ka buɗe asusun banki da sunan harkar, ka buga takardar neman biya mai kan sarki, akantan asibiti ya daina yi maka kallon wanda ya zo karɓar sadaka. Amma a idon doka kai da sunan abu ɗaya ne. Bashinsa bashinka ne, harajinsa naka ne.

Sai kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda sunansa ke ƙarewa da Ltd. Kafin 2020 sai mutum biyu, shi ya sa za ka ga tsofaffin kamfanoni da sunan mata ko ƙane a ciki alhali ba su san ma me ake yi ba. Yanzu mutum ɗaya zai iya kafa shi, ƙaramin kamfani zai iya zama da darakta ɗaya, ba dole sai da sakatare ba, kuma mafi ƙarancin hannun jarin da za a fitar naira 100,000 ne. Kamfani mutum ne mai zaman kansa a doka: yana mallaka, yana cin bashi, ana kai shi ƙara, kuma ba ya mutuwa da mutuwar mai shi.

Idan ku biyu ne ko fiye, akwai tarayya. Tarayya ta gargajiya, wato ku yi rajistar suna ɗaya ku biyu, ita ce mafi haɗari ga likitoci, domin kuskuren abokinka a cikin aikin tarayyar zai iya cin dukiyarka. CAMA ta 2020 ta kawo tarayya mai iyakantaccen alhaki, LLP, a matakin ƙasa. Tana bukatar aƙalla mutum biyu, kuma a cikinta kowa yana ɗaukar laifin hannunsa, amma ba a bin dukiyarka ta kanka saboda sakacin abokin tarayya. Likitan mata da likitan yara da suke son haɗa ɗakin duba marasa lafiya a Surulere, wannan ko kamfani ya kamata su duba, ba sunan kasuwanci na haɗaka ba. Kuma ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta yarjejeniya: wa ya kawo nawa, yaya za a raba, me zai faru idan ɗaya ya samu aiki a Saudiyya ko Ingila ya tafi. A wannan zamanin tafiyar ba zato ba ce, abin da za a shirya masa ne.

Mataki na huɗu: ka zauna da biro ka yi lissafin haraji

Mutum da sunan kasuwanci suna biyan harajin kuɗin shiga ga jihar da suke zaune, wato hukumar harajin jihar Legas, LIRS, ga mazaunin Legas, ko da asalinsa Katsina ne kuma can yake zuwa sallah. Kamfani kuwa gwamnatin tarayya yake biya, ga hukumar da aka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS.

A sabon tsarin, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Akwai rangwamen haya, kashi 20 na hayar gidanka ta shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba.

Mu ɗauki misali. Likita ya tara ribar miliyan 18 a shekara bayan ya cire kuɗin da ya kashe kan aikin. A matsayin mutum: 330,000 a mataki na biyu, 1,620,000 a na uku, sai miliyan 6 da suka rage a kashi 21, wato 1,260,000. Jimla 3,210,000, ƙasa kaɗan da kashi 18 na ribar.

Yanzu a ce kamfani ne ya ci wannan ribar. An yi ta yayata cewa ƙananan kamfanoni ba sa biyan haraji a sabuwar doka, kuma gaskiya ne, amma dokar ta cire masu ba da hidimar ƙwararru daga wannan rukunin. Likitan da abin da yake sayarwa iliminsa ne bai kamata ya gina lissafinsa a kan wannan rangwamen ba. In ba rangwame, harajin kamfani kashi 30 ne, ga harajin raya ƙasa kashi 4 a kai. A kan miliyan 18, miliyan 6.12 ke nan. Idan ya fitar da sauran a matsayin rabon riba, a sake cire kashi 10. Ya biya sama da miliyan 7, fiye da ninki biyu.

Akanta zai ce maka ai ba haka ake yi ba, kamfanin zai biya ka albashi ne, ribar ta ragu. Haka ne. Amma albashin nan harajin mutum za a cire masa kowane wata a kai wa LIRS, a kan matakan nan dai da muka lissafa. Ka zagaya ka dawo inda mai sunan kasuwanci yake tsaye, sai dai kai ka ƙara da kuɗin akanta da takardun hukumomi biyu. Inda kamfani ke fara ma'ana shi ne idan harkar ta wuce hannunka kai kaɗai: akwai wasu likitoci da ke aiki a ƙarƙashinka, akwai ɗakin gwaje-gwaje, akwai mai son zuba jari.

Sai harajin da ake cirewa tun daga tushe. Ka tura takardar naira 600,000, saƙon banki ya shigo da 570,000. Ba cuta ba ce, kashi 5 ne da ake cirewa kan kuɗin aikin ƙwararru, kuma ba asara ba ne, biyan gaba ne da za a rage maka daga harajin shekara. Amma sai idan asibitin ya kai kuɗin da lambar harajinka, kuma ka karɓi shaidar. Ka riƙa bin wannan shaidar kamar yadda kake bin kuɗin kansa. Wata matsalar da ake samu: mai sunan kasuwanci, a kai kuɗinsa asusun gwamnatin tarayya maimakon na jiha saboda akantan ya ɗauka kamfani ne. Ka rubuta a ƙasan takardarka cewa kai mutum ne mai biyan LIRS, ka sa lambarka. Duba mara lafiya ba a ɗora masa VAT, harajin da ake ƙarawa kan farashin kaya da hidima, amma idan kana koyarwa ko ba kamfanoni shawara, ka sa akanta ya duba wannan ɓangaren dabam.

Mataki na biyar: ka tambayi masu biyanka, ka kuma duba ko wuri za ka buɗe

Wani lokaci ba lissafi ne ke yanke hukunci ba, abokin ciniki ne. Ƙananan asibitoci ba ruwansu, su tura kuɗi asusunka ne kawai. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje kuwa sukan nemi takardar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, da asusun da ba na mutum ba kafin su sa ka cikin jerin masu yi musu aiki. Ka tambaye su a fili ko sunan kasuwanci ya wadatar. Sau da yawa ya wadatar, mutane ne ba sa tambaya.

Idan kuma wuri za ka buɗe, ko ɗaki biyu ne a Idi-Araba ko Mile 12, magana ta canza. Takardar CAC ba izinin duba mara lafiya ba ce. A Legas hukumar HEFAMAA, wadda dokar gyaran fannin lafiya ta jihar ta 2006 ta kafa, ita ke rajistar cibiyoyin lafiya, ta zo ta duba wurin, a kuma riƙa sabuntawa duk shekara, kuma tana rufe wuraren da ba su da rajista. Daga ranar da ka sa hannu kan haya ka ɗauki nas, haɗari na biyu ya hau kanka, kuma a nan zan ce ka yi kamfani tun kafin ka sa hannun, domin hayar ta fito da sunan kamfanin.

Akwai kuma maganar gado, wadda mu ba ma son tayarwa. Sunan kasuwanci na mutum ɗaya yana tsayawa da rasuwar mai shi, asusun ya daskare har sai an samo takardun kotu. Kamfani yana ci gaba, hannun jarin ne ke shiga cikin abin da za a raba. Amma kamfani mai mutum ɗaya da darakta ɗaya shi ma tsayawa yake cik idan babu mai sa hannu, albashin ma'aikata ya maƙale. Mai asibiti ya sa darakta na biyu da ya amince da shi, kuma ya rubuta a fili ko hannun jarin da ya sa da sunan wani kyauta ce ko amana, don kada magada su kwana a kotu.

Mataki na shida: rajistar kanta

Wannan shi ne mafi sauƙi. Komai ta shafin CAC ake yi. Ka nemi suna, idan an amince za a riƙe maka shi kwana 60. Ka shirya lambar NIN, hoto, sa hannu da adireshi na gaskiya. Sunan kasuwanci za ka iya yi da kanka. Kamfani ko LLP gara ka ba lauya ko wakilin da CAC ta amince da shi, musamman saboda sashen manufofin kamfani: a rubuta shi da faɗi, ya ɗauki duba marasa lafiya, ba da shawara, koyarwa da duba lafiya ta waya, don kada ka dawo gyara bayan shekara. Wajen zaɓen suna ka tuna ƙa'idojin MDCN sun taƙaita talla, sunan da ke iƙirarin warkarwa ko fifiko kan sauran likitoci jawo magana ne.

Da takarda ta fito, ka buɗe asusu. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan Jaiz da TAJ da Lotus. Daga ranar kuɗin aiki can za su shiga, kuɗin cefane da na makarantar yara kuma daga asusunka na kanka za su fita. Ga mai kamfani wannan ba ado ba ne: kuɗin kamfani ba naka ba ne sai ya biya ka albashi ko rabon riba, kuma mai cakuɗa su yana ba lauyan abokin gaba hujjar cewa kamfanin suna ne kawai. Duk tsoffin yarjejeniyoyinka da asibitoci a sake su da sabon sunan, inshorar ma a sanar da su.

Mataki na bakwai: abin da za ka riƙa yi duk shekara

Mutum da mai sunan kasuwanci suna shigar da bayanin kuɗin shigarsu ga LIRS kafin ƙarshen 31 ga Maris. Sunan kasuwanci yana kai rahoton shekara ga CAC zuwa 30 ga Yuni. Kamfani yana da wata shida bayan rufe shekararsa ta lissafi ya kai bayanan harajinsa, ga rahoton shekara na CAC, ga harajin albashi kowane wata, ga bayanin ma'aikata na shekara zuwa 31 ga Janairu. Lasisin MDCN da makin ƙarin ilimi suna nan a kanka ko wane tsari ka ɗauka. Fansho kuwa yanzu babu mai zuba maka, sai ka je wurin kamfanin fanshonka ka tambayi tsarin masu aikin kansu, wanda hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar a 2019.

Ka ajiye rasit na duk abin da ka kashe don aiki: kuɗin lasisi, inshora, tarukan ƙarin ilimi, kayan aiki, man motar zirga-zirga tsakanin asibitoci. Abin da ba shi da takarda, jami'in haraji ba zai cire maka shi ba.

Idan ka fara da sunan kasuwanci, harka ta girma, za ka iya kafa kamfani daga baya ka mayar da kwangilolin can. Komawa baya ce ke da wuya. Kamfanin da aka buɗe aka watsar ba ya ɓacewa da kansa: rahoton shekara yana taruwa, tara tana hawa, a shafin CAC a rubuta cewa ba ya aiki, kuma duk wanda ya binciki sunanka zai gani. Mai shirin barin ƙasa ko komawa aikin gwamnati ya sa lauya ya rufe kamfanin bisa ƙa'ida, ko ya sauka daga darakta ya miƙa wa wani, kafin ya tafi.